Ƙasar da Na Ɗebo wa Kubura a Helwan

Tun da na dawo daga Masar ba a bar ni na sha kunu da zafinsa ba. Wannan ta shigo, "Goggo Dije, yaya Masar?" Waccan ta shigo, "Goggo, da gaske kin ga gawar Fir'auna?" Wata ma ba ta tsaya gaisuwa, hannu kawai take miƙowa, wai a ɗan tsakuro mata ƙasar nan. To na gaji. Na zaunar da 'yata Rabi, wadda ke koya wa 'ya'yan mutane rubutu, na ce yau uwarta za ta yi wa aiki. Ni ko harafi ɗaya ban sani ba, amma rabin mutanen unguwar nan ta Funtuwa hannuna suka fara gani kafin fuskar uwarsu, don haka in ungozoma tana magana a yi shiru. Rabi, yadda na faɗa za ki rubuta, kada ki gyara min Hausa.

Abin da ya kai ni, autata Zulai ce ta haihu a can. Mijinta, Malam Nura, karatun addini yake yi, shekara ta bakwai ke nan, ban san ko littattafan ne ba sa ƙarewa ba. Ya aiko a kai masa ni in yi mata wankan jego.

Ana gobe zan tashi na shiga wurin Kubura. Kun san Kubura. Tare muka yi tallan gyaɗa muna 'yan mata, shekara sittin muna musu, ba wadda ta taɓa sakar wa wata. Gwiwoyi sun zaunar da ita a ɗaki shekara biyu. Ta sa aka janyo mata akwati, ta nuna min farin yadi a ninke.

"Dije, likkafanina ke nan. An ce Masar ƙasar waliyyai ce. Ki ɗebo min ƙasa daga hubbaren ɗaya daga cikinsu, ko cikin cokali ce. So nake in an zo naɗe ni a sa min ita."

Na bugi ƙirji. "Ni ce fa. Kin taɓa ganin na ce zan yi abu ban yi ba?"

"Ban dai taɓa jin kin ce kin kasa ba," in ji ta. "Ba ɗaya ba ne."

Ku riƙe wannan alkawarin, shi ne labarin. Sauran duk hanya ce.

Daga nan zuwa Kano ba abin faɗa, sai direban da ya ɗauka mu buhunan masara ne. Jirgi kuwa, ni da ban taɓa hawa ba, na yi zaton wani abu ne. Ashe a ɗaure mutum ne a kujera kamar akuyar da za a kai kasuwa, a kawo masa abinci cikin 'yan robobi irin na wasan yara. Ban ɗakinsu ne kawai ya ba ni tsoro. Na danna wani abu, ya yi wata zuƙa da na riƙe zanina da hannu biyu.

A filin jirgin Alƙahira aka tsayar da jakata. Wani ɗan sanda mai gashin baki ya zuge ta, ya ci karo da ƙullin kanwa, ya ɗaga ta sama kamar ya kama babban ɓarawo. Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Suka ciro busasshen ganyen darbejiya, suka dubi juna. Ba na jin Larabcinsu, ba sa jin Hausa. Sai na rungume hannu kamar mai riƙe da jariri, na yi "inya, inya", na damƙi ganyen na tsoma a iska, na fyaɗa wa mai gashin bakin a baya sau biyu yadda ake yi wa mai jego. Ya yi tsalle. Sauran suka fashe da dariya. Na ukun ne tsautsayi ya sa ya buɗe robar daddawa, ya kai hanci. Bawan Allah bai ƙara tambayar komai ba, da hannunsa ya zuge jakar yana cewa, "Yalla ya Hagga, yalla!" Hajiya ke nan a bakinsu. Ban je Makka ba, amma tunda hukuma ce ta ba ni, na karɓa.

Unguwarsu Zulai sunanta Madinat Nasar. Gidaje ne aka ɗora kan gidaje kamar kwanonin jere, su suna hawa na shida. Ba tsakar gida, ba murhu, ba inda za ka watsa ruwan wanke-wanke. Akwai wani akwatin ƙarfe mai hawa da mutane sama. Ranar farko na shiga, ya tsaya da mu tsakanin hawa biyu, mai gadin gidan ya leƙo yana cewa "ma'alesh", wato a yi haƙuri. Wannan kalma ku koye ta in za ku je. Mota ta taka ka, ma'alesh. Ruwa ya ɗauke, ma'alesh. Abu ɗaya na yaba musu: mace ba ta sauka cefane. Kwando take zurowa da igiya ta taga, ta ƙwala wa mai kanti kira, ya zuba mata, ta ja. Lalaci ne, amma lalacin masu hankali.

Wankan jego kuwa, na tambayi ina garwa, ina itace. Zulai ta nuna min wata tukunya a manne da bango, wai ita ke dafa ruwa. Na taɓa ruwan, ko kaza ba zai fige ba. Na sa aka jera tukwane huɗu a kan gas, safe da yamma, har gidan ya zama kamar ɗakin turara, Malam Nura yana kwashe littattafansa yana kai su taga. Bai ce komai ba, suruki ne. Ranar suna maƙwabciyarsu Balarabiya ta shigo da 'yan uwanta, suka ɗauki jikana suka kwantar a cikin rariya, wata tana buga turmin tagulla a kunnensa tana yi masa faɗa, wai ya ji maganar uwarsa. Yaro ɗan kwana bakwai! Ni ma da suka ga na ba Zulai kunun kanwa cikin kwanon sha guda, suka riƙe baki. Muka rabu kowa yana tausayin kowa.

Abincinsu, wake da safe, wake da rana. Akwai wani da suke ji da shi, shinkafa da taliya da wake da albasa duk a kwano ɗaya, kamar an share kicin an zuba. Rannan aka ce za a yi min miyar manyan baƙi, aka yi ta yabonta tun safe. Aka kawo, na duba, lalo ne. Lalon da ke fitowa a bayan gidan Kubura, awaki na ƙin ci.

To, maganar ƙasa. Da aka yi arba'in na sa Zulai ta gaya wa mijinta ina son ziyara. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, zan kai ki. Sai dai na ji ana maganar ƙasa. Mamaci addu'a ake yi masa, ba a ɗebe masa ƙasar kabari."

"Wa ya ce maka ƙasa zan ɗiba?"

"Na ga cokali a jakarki ne, Inna."

"Na shan magani ne."

Ya kai ni manyan masallatai uku a tsohon gari, kowanne da hubbarensa. Jama'a, waliyyan Masar duk an yi musu tayil. Dutse mai santsi a ƙasa, darduma a kai, kabarin kuma an kewaye shi da ragar azurfa, mata na ta turereniya suna shafawa. A na ukun na faki ido na tsuguna, na ɗaga bakin darduma. Tayil. Wata mai shara ta ɗauka ɗan kunne na yar, ta tsuguna tana taya ni nema. Muka daɗe muna lalube, ni da ita, kowa da abin da yake nema. Ko ƙura ban samu ba, tsabtarsu ta cuce ni.

Zulai ta ce, "Inna, ki ɗiba a bakin titi mana, wa zai sani?" Na ce ni Dije ba na yaudara. Ku riƙe wannan ma.

Saura kwana biyar in dawo, cokalina ko ƙwaya bai ɗauka ba. A hawa na biyu akwai wata Hajja Asha, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta daga Kano suka taso da ƙafa za su Makka, suka tsaya hutawa a Sudan, har yau ba su gama hutawa ba. Yaƙi ne ya koro ta Masar, tana sayar da turaren wuta. Hausarta irin ta kakanninmu ce, an barbaɗa mata Larabci. Na riga na ba ta labarin gwiwoyin Kubura. Ta ga ina ɗingishi a matakala ta ce, "Hajja, akwai wani gari a kudu, Helwan, ruwa na fitowa daga ƙasa, maganin gwiwa ne. Bukra, gobe ke nan, mu tafi, ki ɗiba wa ƙawar taki." Na ce a raina, in ba ƙasa ai ga ruwa, in rage kunya.

Da hantsi muka hau 'yar ƙurƙurar bas, muka sauka muka shiga jirgin ƙasan da ke bi ta cikin rami. Mata da taragonsu daban. Na yi murna, na ce ga kunya ga ladabi. Kasuwa ce. Wannan na tallan safa, waccan na tallan wuƙar fere, wata ta baje kubewa a cinya tana yankawa. Wata ƙatuwa ta kama hannuna tana duba lallena ba ko sallama, ta nuna wa taragon duka. Can jirgin ya fito sarari, Hajja Asha tana kira min sunayen unguwanni. Ma'adi, inda bishiyoyi suke, Turawa na zaune, ta ce a can kare ma yana da likitansa. Ɗura, duwatsu da farar ƙura. Ma'asara, gidajen jan bulo da ba a gama ba, ƙarafa a tsaye a sama, shanya a kowace taga. Kowace tasha masu ƙamshi na sauka, masu gajiya na hawa, har muka kai inda dogon ya ƙare. Helwan ke nan.

Garin ma'aikata ne, hayaƙin masana'antu, jakuna da amalanke, da a-daidaita-sahu irin namu sak, har rashin hankalin direbobin. Muka yi ta yawo muna tambayar ruwa, wannan ya nuna gabas, wancan ya nuna yamma, kowa da tabbacinsa. Bamasare bai iya cewa bai sani ba. Ƙafata ta ce ta gama. Muka zo wata ƙofa mai bishiyoyi, Hajja Asha ta yankar min takardar shiga ta ce, "Janena ce, lambu. Zauna a inuwa, in nemo ruwan in dawo." Ita ma ba ta taɓa shiga ba.

Na shiga. Shiru, sanyi, 'yar gada ja a kan kwalbati. Can a kan ɗan tudu na hango wata rumfa, rufinta hawa-hawa kamar an ɗora malafa kan malafa, bakin kowanne ya lanƙwashe sama. A gindinta wata tsohuwa, 'yar firit, sanye da fararen kaya, ta cire takalmi, ta haɗa tafin hannu, kanta a sunkuye, ga farin fure a gabanta.

Yanzu ku gaya min, ku da kuke da wayo. A ƙasar waliyyai, ka ga gini mai tulluwa a kan tudu, ka ga tsohuwa ba takalmi tana sunkuye da kai, me za ka ce? Na ce Allahu akbar, ga Shehin da ba a kai ga yi wa tayil ba. Na dubi ƙasa. Ƙasa ce, jama'a, ta gaske, mai laushi.

Na tuɓe takalmi na hau tudun, gwiwa na ƙara ina cewa yi haƙuri. Na tsaya kusa da tsohuwar, ta ɗago ta yi min murmushi, na yi mata. Na yi sallama ga mai wurin, na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na roƙi Allah ya ba Kubura sauƙi, ya sa mu cika da imani. Har hawaye na yi, ba zan ɓoye ba. Na ciro cokalin shan magani na cika shi sau uku, na ƙulle a bakin mayafi, na ja ƙullin da haƙori.

Tsohuwar ta ɗauki furenta ta gangara ta bayan tudun. Na bi ta, don in ji sunan Shehin, kada Kubura ta tambaye ni in yi shiru. Muka sha kwana.

Wani tafki ne da ya ƙafe. A bakinsa an jera mutane a zaune, sun tanƙwashe ƙafa kamar ɗaliban zaure, hannuwa a cinya, idanu a lumshe, kunnuwa har kafaɗa. Na ƙirga har na gaji. A gefe ga babbansu, ya fi ɗaki tsawo. Na buɗe baki zan yi sallama, sai na ga ba mai numfashi. An shafe su da fenti kalar hoda. Tsohuwar ta je ta ajiye furenta a gaban babban, ta durƙusa.

Gumaka. Layi guda na gumaka, ni kuma da ƙasarsu a mayafi.

Na ce a'uzubillahi da ƙarfin da tsuntsaye suka tashi. Na juya zan gudu, ni da rabona da gudu tun ina amarya. Gwiwar hagu ta ce ƙas, ta riƙe. Na zube zaune daɓas, ina fuskantar su, ƙafa a tanƙwashe, kamar an ƙaro ɗaliba. Ga Masarawa kuwa a kan ciyawa sun baje tabarma suna cin wake. 'Ya'yansu na hawa cinyar gumakan, wani magidanci ya rataya hannu a wuyan ɗaya yana ɗaukar hoto kamar abokin ango. Ba wanda ya taso. Ɗaya ya ɗago daga nesa ya ce, "Ma'alesh ya Hagga."

Wadda ta taso ita ce mai furen. Ta tsuguna, ta dube ni, ta nuna gwiwar. Na ja ƙafata. Ta sake nunawa. Ta ciro 'yar kwalba daga jaka, wani man zafi ruwan goro, ta lakato ta kama gwiwar. Ni ungozoma ce, na san hannun da ya iya. Wannan hannun ya iya. Ta bi jijiyar da babban yatsa, ta danna wani wuri a bayan gwiwa, na ji abu ya saki. Ina istigfari a baki, gwiwa tana godiya.

A haka Hajja Asha ta same mu, da gorar ruwa a hannu. Ta dubi gumakan, ta dube ni, ta zauna a ƙasa don dariya.

"Hajja! Na bar ki a inuwa, na dawo na tarar kin shiga makaranta!"

"Rufe min baki. Tambaye ta, nan ina ne?"

Matar tana jin Larabci, don ta daɗe tana aikin gida a Ma'adi. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, Mai Fure nake ce mata. Ta ce daga wani tsibiri take, can bayan Indiya. Wannan na zaune sunansa Buda, shi mutanensu ke bi. Wurin ma ba ɗakin ibada ba ne, lambun shaƙatawa ne aka yi shi irin na mutanen Japan, tun zamanin da. Amma ita ba ta san wani wuri a garin da za ta ga fuskarsa ba, shi ya sa ranar hutunta take hawo jirgi da wuri, kafin yara su hau kansa. A gindin rumfar take fara tsayawa ta natsu. Ba kowa a binne a wurin.

Sai ta ƙara wata magana, Hajja Asha ta daina dariya.

"Ta ce shekarunta da yawa tana zuwa, ba wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita sai yau."

Na ce, "Gaya mata ni Allah na roƙa."

"Ta ce ta sani. Wa kika roƙa wa?"

"Ƙawata. Gwiwa."

Matar ta yi 'yar dariya, ta dafa ƙirji. Ita ma uwarta ce, a can gida, gwiwa. Ta rufe kwalbar ta danƙa min a hannu, ta naɗe yatsuna a kai, wai in kai wa ƙawata. Na so in ƙi. Ban ƙi ba. Na ciro goro ɗaya na ba ta, ta gutsura, fuskarta ta tattare, ta haɗiye don kunya. Nan na san 'yar mutunci ce.

Maganar ƙullin mayafi kuwa ban gaya wa kowa ba. Na ce zan zubar a hanya. A jirgin ƙasa mutane sun yi yawa. A gida Malam Nura na nan. Ranar tafiya na ce sai a filin jirgi. A filin jirgi suka ƙwace gorar ruwan Helwan, wai ba a shiga da ruwa, ruwan da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai har ma'aikaciyar ta riƙe shi nesa da jikinta. Ƙullin kuwa ba wanda ya taɓa. Na ce to, in na sauka Kano.

Na iso gida na tarar da tsakar gidana cike da mata. A tsakiya, kan kujera, ga Kubura. Ɗauko ta aka yi, ita da ba ta fita ko gaisuwar mutuwa. Ko sannu da zuwa ba ta bari an gama ba, ta miƙo tafin hannu.

"Dije, kin kawo?"

Ido ya fi arba'in a kaina. Kalma uku ce za ta fitar da ni: ban samu ba. Na nemi kalmomin nan a bakina, ban taɓa ajiye su a wurin ba. Na kwance mayafi na ce, "Ga ƙasar Masar." Ban ce ta waliyyi ba, ku shaida ne. Na dai bari kuka yi kabbara. Na ba ta kwalbar man na ce tsaraba ce.

Sauran kun sani. Bayan sati uku aka ga Kubura a bakin ƙofa da sanda, a tsaye. Unguwa ta ɗauka. Ƙasar Goggo Dije ta ta da gurguwa. Kuka yi ta zuwa, Kubura na tsakura muku da tsinken ashana. Wata ta sa a kantinta, wata ta ƙulla wa mijinta a hula. Ni kuma ina zaune ana ce min mai albarka, ina cewa ai ba komai.

Ranar Alhamis na shiga wurin Kubura na tarar da ita da allura. Ta ɗinka 'yar jaka kamar laya, ta zuba sauran ƙasar, tana liƙa ta a jikin farin yadin nan.

"Daidai ƙirji na sa ta," in ji ta. "Ke za ki yi min wanka, ki tabbata ba ta goce ba."

Na koma gida. Na zauna ina tunani. Ni na karɓi 'ya'yan Kubura tara a hannuna. In na bar ta ta shiga kabari da wannan a ƙirji tana zaton wani abu ne, da wane ido zan dube ta ranar da za a tashe mu? Juma'a da safe na koma, na kori jikokinta, na sakaya ƙofa, na faɗa mata duk abin da kuka ji yanzu. Tayil, tudu, cokali, masu dogayen kunnuwa, Mai Fure.

Ta jawo yadin, ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta ajiye 'yar jakar a gefe.

"Kalar hoda kika ce?"

"Kalar hoda."

"Kika yi musu sallama?"

"Saura kaɗan."

Kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, na matso. Dariya ce. Ta yi ta har tari ya sarƙe ta, sai da na buga mata baya.

"Ke tsohuwar banza," in ji ta tana share ido. "Ƙasar nan ko sau ɗaya ban shafa ba, ta kabari ce, ajiye ta na yi. Man nan nake shafawa safe da yamma. Allah ya ba ni sauƙi ta hannun baiwarsa da ban taɓa gani ba, ke kuma kina nan kina karɓar godiya."

"To yanzu ki yafe min."

"Ban ji abin da zan yafe ba. Labari kika ba ni. Me kika yi?"

"Ai kin ji."

"Shekara sittin nake jira, Dije. Ba zan mutu ban ji ba. Faɗi."

Na dubi rufi, na dubi ƙofa. Na faɗa.

"Ban ji ba, kunnena ya tsufa."

"Ƙarya kike, kin ji."

"To sharaɗina ɗaya. Yadda kika kwance mayafin a gaban mutane, haka za ki faɗa a gaban mutane. A rubuta, a karanta ranar taron mata, ina zaune a gaba."

Shi ne wannan. Duk wadda ta karɓi ƙasa ta je ta zubar, ta yi istigfari, laifin ba nata ba ne. Mai kanti ta share kantinta, mai hula ta kwance wa bawan Allah hularsa. Kubura kuwa ta juye tata a tsohon gwangwani ta dasa na'ana'a, har ta tsiro. Ta ce ƙasar Funtuwa ta ishe ta kwanciya, ita ta ishi uwarta. Kwalbar man ta kusa ƙarewa, na aika wa Hajja Asha ta hau jirgin nan ranar hutun Mai Fure, ta kai mata turaren wuta, ta tambayo inda ake samu, ta kuma tambayo min jikin uwarta. Goro na ce kada a kai.

Saura abin da Kubura ke jira. Rabi, rubuta: ni Dije na yi kuskure.

Sau ɗaya za ki rubuta. In ta ce ba ta ji ba, a miƙa mata takardar, ita ma ba ta iya karatu ba.